Me Ya Sa Hannu Ke Faɗawa Bayan An Yi Barci?

Ku dubi ƙafar yarinya 'yar koyo a kan keken ɗinki. Ta taka, keken ya juya baya, zare ya tsinke. Ta sake zura shi a allura. Duk lokacin da haka ta faru, wani sashe na ƙwaƙwalwa da ke wajen ƙeya, wanda ake kira serebelum, yana gwada abin da ta yi niyya da abin da ƙafar ta yi, ya ɗan gyara. Maimaitawa kenan, kuma babu mai musu a kanta.

Gardamar da kuke ta aiko mana a kan hutu take. Da yawa sun ɗauka da zarar ɗan koyo ya tashi daga kan keke, koyo ya tsaya. Ba haka ba ne.

A shekarar 2002, Matthew Walker da abokan aikinsa a Jami'ar Harvard ta Amurka sun koya wa mutane danna jerin lambobi biyar da hannun hagu. Ga shi nan: huɗu, ɗaya, uku, biyu, huɗu. Waɗanda suka koya da safe aka gwada su da dare, kusan jiya i yau. Waɗanda suka kwana kafin gwaji kuwa, saurinsu ya ƙaru da kusan kashi 20 cikin ɗari, alhali ba su ƙara taɓa komai ba. Barci kawai suka yi, jama'a!

Ko gajeren hutu ma yana aiki. A 2019, masu bincike a cibiyar binciken lafiya ta Amurka, wato NIH, sun sa mutane atisayen danna lambobi na daƙiƙa 10, hutu na daƙiƙa 10. Yawancin cigaban farko a cikin hutun ya bayyana. A 2021 suka gano cewa ƙwaƙwalwa tana bitar motsin ne ita kaɗai, da saurin da ya ninka na yatsu kusan sau 20. Ku lura, a lokacin hutun yatsun a kwance suke, amma can ciki tilawa ake yi.

To, kada wani ya ce mun ce a kwanta gwaninta ta zo. Abin da aka gwada da rana shi ake bita da dare.

Shi ya sa abin yake damuna idan Sallah ta matso, in ga an kwana da yara 'yan koyo a shago har asuba. Oga mai shago, hannunka ya riga ya faɗa. Yaron da ya fara taka keke watan jiya, ka sallame shi bayan isha'i, gobe ka duba ɗinkinsa.