Jawabin maraba ga mai girma Minista daga kwamitin tsabta na mazauna Birni da Zango, Damagaram

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Minista, mai martaba Sultan na Damagaram Allah shi ƙara ma nasara, mai girma Gwamna, shugabannin mairi, masu unguwanni, malamanmu da iyayenmu mata, barkanku da zuwa.

Ranka shi daɗe sannu da hanya, kusan kilomita 900 daga Yamai ba wasa ba ne, kuma ka baro aiki tuli a ofis ka zo ka zauna da mu cikin wannan zafi, Allah shi saka da alheri. Aikinka kowa ya ji shi a rediyo, ba sai mun tsaya lissafi ba. Shi ya sa tun kafin ka sha ruwa za mu faɗi abin da ya tara mu, kamyon kwasar shara muke roƙo, guda 2, ɗaya na Birni ɗaya na Zango da kewayen kasuwar Dole.

Garin da ka sauka yau ba ƙaramin gari ba ne. Nan ne gidan Tanimun, sarkin da ya kewaye Birni da ganuwa, aka ƙera bindigogin igwa a nan cikin garin, ayarin raƙuma daga Agadas da Tarabulus a Zango suke sauke kaya kafin su miƙa Kano ko Kukawa. Nan ne Amadu Kuran Daga ya ƙi miƙa wuya, sai da aka yi yaƙin Tirmini a 1899 sannan nasara suka shigo. Kuma nan ne babban birnin ƙasar nan har 1926 da aka ɗauke aka kai Yamai, aka ce wai ba mu da ruwa. To ƙishin ruwan mun haƙura da shi shekara da shekaru, daga Gogo Machaya zuwa Arunguza zuwa Ganaram ana ta janyo mana ruwa, har yau akwai unguwar da mata ke tashi tsakar dare su jera bido a bakin famfo. Matatar SORAZ tun 2011 take tace mai a ƙasarmu, tankoki na wucewa a gabanmu kullum, amma motar da za ta sha gazuwal ɗin ta kwashe mana jibji ita ce ta gagare mu, wallahi abin yana mana ciwo.

A 2018 lokacin Zinder Sabuwa, shirin gyaran gari na bikin 18 ga Disamba, mun ga yadda garin nan ke kyau idan an kula da shi, an zuba gudro, an sa fitilu, baƙi suka zo suka yaba. Gudron yana nan, sai dai rairayi da leda sun cinye gefensa.

Ranka shi daɗe ba ƙyuya ce ta hana mu ba. Ka fito bayan sallar asuba ka ga matan da ke shara, yawancinsu zawarawa ne da tsofaffi, a duƙe da guntuwar tsintsiyar kaba, ba safar hannu ba abin rufe hanci, ƙura na shiga musu ido suna sharewa da gefen mayafi. Su tara shara tsibi tsibi a bakin hanya su tafi, to wa zai ɗauka? kwana 3 kwana 4 tana nan, awaki su tone, iskar hunturu ta kwashe ta mayar inda aka sharo, gobe su sake duƙawa a kan sharar jiya. Samarin unguwa na fitowa gayya ran Lahadi da shebur da manjagara na aro su yashe magudana, baƙin taɓo su jibge a gefe, ba motar ɗauka, ruwan farko kawai ya mayar da shi ciki. Wannan aikin banza shi ke kashe wa mutane jiki, kuma kamyo ne kawai maganinsa.

Mun san aljihun mairi, harajin kasuwa da na tasha da ɗan abin da ake karɓa gida gida ba zai sayi babbar mota ba, ga albashi ga gyaran tsofaffin motocin da ake da su, kuma garin yanki 5 ne kowa na jira. Abin da ake warewa na tsabta yakan ƙare a tsintsiya da baro. Shi ya sa muka ɗago kai sama gare ka.

Gidajen Birni na laka ne, idan leda ta toshe magudana ruwa ya kwanta a gindin katanga sai dai ka ji rugum cikin dare. Daminar 2024 kowa ya ga abin da ruwan sama ya yi wa tsohon masallacinmu na Birni, mutane na tsaye suna kuka. Ruwa na Allah ne amma buɗe masa hanya namu ne. Ga sauro a kwatami, yara na ta masassara, ga akuyar talaka ta haɗiye leda ta rame ta mutu, mahauta in sun farka tumbi dunƙulen leda suke fiddowa kamar ƙwallo, alhali tun 2014 akwai dokar hana ledar nan.

Sauran ƙananan buƙatu suna cikin takarda, amalanke da baro saboda lungunan Birni da mota ba ta shiga, safar hannu da takalman roba na matan nan, da a ware filin zuba shara nesa da gidaje da tabkuna. Waɗannan ko an jinkirta za mu jira. Kamyon ne ba ya jira, muna roƙo ya iso kafin hadarin farko ya haɗo, in 2 ba su samu ba a fara mana da 1, mu mun yi alkawari gida gida za mu riƙa haɗa kuɗin gazuwal, kuma mai unguwa zai riƙe littafin duk fitar da motar ta yi.

Ranka shi daɗe kafin ka wuce masauki muna roƙon minti 10, jibjin yana bayan wannan rumfar, ga mai unguwa zai yi maka jagora. Allah shi maida kai gida lafiya.

Wassalamu alaikum.