Darasin Mota: Wa Za Ka Bari Ya Taɓa Maka Birki?

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Yau maganar birki za mu yi, kuma ba yadda ake gyaransa ba, a'a, yadda za ka gane garejin da ya cancanci ka miƙa masa motarka. Inji in ya lalace, tsayawa za ka yi a bakin hanya. Birki kuwa in ya lalace, tsayawar ce za ta gagare ka.

To, ga abin da nake so ka riƙe da kyau: makanikin kirki aunawa yake yi, sannan ya nuna maka. In ka ce masa birki yana ƙara, tun bai kwance taya ba ya ce sai an canja komai, ɗauki makullinka ka yi gaba. Wanda ya san aikinsa zai ɗaga motar, ya cire taya, ya ce zo ka gani da idonka. Fad ɗin birki, wato abin da ke matse diski (faifan ƙarfen da ke juyawa tare da taya) motar ta tsaya, sabonsa yakan kai kaurin milimita 10 zuwa 12. In ya cinye ya dawo wajen milimita 3, lokacin canji ya yi. In kuwa da sauran nama sosai a jikinsa, ƙarar nan tana iya zama ƙura ce ko tsatsa, kuma mai amana zai gaya maka haka ko da hakan ya rage masa ciniki.

Haka ma diskin. Masu ƙera shi sukan buga mafi ƙarancin kaurin da aka yarda da shi a jikin ƙarfen. Ka ce ya auna, ya kwatanta da wannan lambar a gabanka. Ba rashin kunya ba ne, ranka ne da na iyalinka a cikin motar.

Sai ka tsaya ka kalli hannunsa kaɗan. Fad ba a canja shi gefe ɗaya. In na gaba ne, dama da hagu tare, in ba haka ba motar za ta riƙa fizga gefe in ka taka birki. Ka lura ko ya bar kalifa, wato ƙarfen da ke riƙe da fad yana matse shi a kan diski, tana reto a jikin tiyon birki. Wannan abu yana ɓata mini rai matuƙa, domin tiyon roba ne, yana iya samun rauni ta ciki inda ido ba ya gani. Mai kula zai ɗaure ta da waya, ya goge sandunan da take zamewa a kai, ya shafa musu giris ɗin da aka yi don birki.

Man birki kuma, ka tambaya wane iri zai zuba. A murfin tankin an rubuta, yawanci DOT 3 ko DOT 4. Man nan yana shan danshin iska, shi ya sa kamfanoni da yawa suke cewa a canja shi duk shekara 2, kuma shi ya sa nake so a buɗe sabuwar gora a gabanka. DOT 5 daban yake, ba a haɗa shi da su. Baƙin mai kuwa ko ɗigo ɗaya kada ya shiga, robobin ciki zai kumbura.

Kafin a fara aiki a rubuta maka abin da za a canja da kuɗinsa, ka nemi rasit da garanti, kuma ka ce a ajiye maka tsofaffin kayan da aka cire.

An gama, ko? Kada ka yi saurin tafiya. Tun motar tana tsaye, taka birki sau da yawa har ya yi tauri. In ka ji yana lotsawa kamar soso, akwai iska a ciki, sai an cire ta. Duba ko fitilar birki ko ta ABS, wato na'urar da ke hana taya kullewa in ka taka birki da ƙarfi, tana kunne a gabanka. Sannan ku fita gwaji tare da shi a hanyar da ba cunkoso. A kwanakin farko ka riƙa taka birki a hankali har sabon fad ya zauna a kan diski, kuma in ka ji ƙarar ƙarfe na gogar ƙarfe, ka koma masa a ranar.