Ciwon Sharko da allurar edarabon: a saurara kafin a sayar da gona

Jama'ar Yamai, jama'ar Tawa, da duk inda wannan bidiyo ya iske ku, barkanmu da war haka.

Akwai wani ciwo da ba kasafai ake jin sunansa a wajenmu ba. Likitocinmu suna ce masa SLA, ko ciwon Sharko, da sunan likitan Faransa Jean-Martin Charcot wanda ya fayyace shi a birnin Paris wajen shekarar 1869. A Amurka ALS suke cewa. Duk iyalin da aka faɗa wa wannan suna, suka shiga intanet neman magani, za su ci karo da wata allura, edarabon. A takardar likita edaravone ake rubutawa, a kwalin kamfani kuma Radicava.

Ciwon a hankali yake shigowa. Mutum ya zo zuba shayi, buta ta suɓuce masa. Ya kasa murza makullin babur da hannun da ya saba. Wani a ƙafa ne, silifa na zamewa yana cikin tafiya, yana tuntuɓe a inda babu dutse. In ka dubi damtsensa za ka ga nama yana rawa ƙarƙashin fata, ba zafi ba raɗaɗi, naman da ke tsakanin babban yatsa da manuni kuma ya lotsa. Wasu ta harshe yake fara musu: magana ta yi nauyi, ruwa ya riƙa ƙware su.

Abin da ke faruwa shi ne, jijiyoyin da ke ɗauko umarni daga ƙwaƙwalwa da laka zuwa tsoka suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Tsokar da ta daina samun saƙo sai ta rame. Amma mutum yana ji in an taɓa shi, yana gani, kuma galibi hankalinsa yana nan daram. Don Allah a kiyaye abin da ake faɗa a gabansa, yana jin kome. Ya bambanta da shanyewar ɓarin jiki, wadda ke kada mutum lokaci guda. Ba a ɗaukarsa daga wani, kuma ba jifa ba ne. Kusan mutum 1 cikin 10 ne ke gadonsa, sauran haka kawai ya zo musu. Yawancin masu shi suna yin shekara 2 zuwa 5, har ya kai ga tsokar numfashi. Masanin kimiyyar nan na Ingila, Stephen Hawking, ya yi sama da shekara 50 da shi kafin rasuwarsa a 2018, sai dai irinsa ba su da yawa.

To, ina edarabon ta shigo?

Kowace ƙwayar halitta a jikinmu tana ƙona abinci da iskar da muke shaƙa don ta samu ƙarfi. Wannan ƙonawa tana barin wasu ƴan burbushi masu cin duk abin da suka taɓa, kamar yadda tsatsa ke cin kwanon rufi. Jiki yana da masu share su. A 1993 masu bincike suka gano cewa a wasu iyalai masu gadon ciwon Sharko, ɗaya daga cikin masu sharar nan, wanda ake kira SOD1, shi ne ya samu tangarɗa. Daga nan hankali ya ƙara karkata ga wannan ɓarna. Edarabon aikinta kama burbushin nan kafin su illata jijiya. Haka ake kyautata zato, don har takardar da ke rakiyar maganin ta ce ba a gama sanin yadda yake aiki a wannan ciwo ba.

Maganin ɗan Japan ne, kamfanin magunguna na Mitsubishi ne ya fito da shi. Tun 2001 ake ba da shi can ga wanda jini ya toshe masa a ƙwaƙwalwa. A 2015 Japan ta amince a ba masu ciwon Sharko, Amurka ta bi a watan Mayun 2017.

Yanzu ku ba ni kunnuwanku, don nan ne maganar take. Babban gwajin farko, mai mutum kusan 200, bai nuna wani amfani a fili ba. Sai masu binciken suka lura kamar wani rukuni ya ɗan amfana, suka sake gwaji da irinsu kaɗai: mutum 137, waɗanda ciwon bai wuce shekara 2 da fara musu ba, numfashinsu yana da kyau, suna iya yi wa kansu yawancin hidima. Akwai ma'auni mai maki 48 da likitoci ke bi, ana duba magana, haɗiya, rubutu, sa tufafi, tafiya, numfashi. Cikin wata 6, waɗanda aka ba maganin sun rasa maki kusan 5, waɗanda aka ba ruwan da ba magani a ciki sun rasa 7 da rabi. Duka rukunan biyu baya suka ci. Na farko dai sun ci bayan a hankali, da kusan kashi ɗaya cikin uku. Babu wanda hannunsa ya dawo.

Bayan haka ma ba a rufe muhawara ba. Hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta nemi ƙarin hujja, kamfanin ya janye takardarsa a 2019. Wani bincike a Jamus da aka wallafa a 2022 ya bi marasa lafiya na tsawon lokaci, bai ga bambanci tsakanin masu karɓar allurar da waɗanda ba su karɓa ba. A 2022 ɗin ce kuma Amurka ta amince da nau'in da ake sha ta baki.

Ga yadda ake ba da ita. Ba allurar cinya ba ce da za a yi a tashi. Ƙarin ruwa ne ta jijiya, miligiram 60, yana ɗiga har awa guda. Zagayen farko kullum ne har kwana 14, a huta kwana 14. Daga nan kwana 10 cikin kowane 14, a sake hutawa 14, haka za a yi ta yi. Ku auna wannan da mutumin Tawa da ƙafarsa ta fara nauyi, ga tafiyar sama da kilomita 500 zuwa Yamai, ga masauki, ga mai jinya da ya bar sana'arsa. Jijiyar hannu ma gajiya take da yawan huda. Kuɗin kuwa, lokacin da ta fito a Amurka, na shekara guda ya kai dalar Amurka dubu 145, wato sama da miliyan 80 na sefa. Ana yin irinta mai rahusa a Indiya da Sin, amma kwalbar da ta biyo jakar ɗan kasuwa ba wanda zai iya rantse maka a kan abin da ke cikinta. Tana kuma iya kawo ciwon kai, taruwar jini a fata da tangaɗi a tafiya. Akwai sinadarin salfait a ciki, wanda kan tayar wa wasu da mummunan borin jini, musamman masu asma, shi ya sa ba a ɗaura ta a tsakar gida.

A ganina, iyalin da ke da ɗan abin hannu kada su fara da ita. Su fara da tabbatar da ciwon. Akwai cututtukan da ke kama da shi, wasunsu ma ana warkewa, kamar matsewar laka a wuya. Likitan jijiya ne zai bambance, da gwajin EMG, inda ake soka siririyar allura a tsoka a karanta wutarta. Daga asibitin jiha na Tawa a nemi takardar turawa zuwa sashen jijiya na Babban Asibitin Ƙasa na Yamai. In an tabbatar, a tambayi likita maganar riluzol, ƙwaya ce da ake sha safe da yamma tun 1995, tana ƙara ƴan watanni, ana duba hanta lokaci zuwa lokaci. In har likitan ya ga mara lafiyar ya yi daidai da rukunin nan na farkon ciwo, kuma da hali, sai a zauna a yi maganar edarabon ido buɗe.

Kada a bari ya rame. Kunu mai kauri da fura sun fi ruwa tsinkakke sauƙin haɗiya, a ba shi yana zaune tsaf, a bar shi zaune bayan ya gama. Masu motsa jiki na asibiti su koya wa ƴan gida yadda ake miƙe gaɓoɓi don kada su sandare. A sa ido kan numfashi da dare: in ya fara tashi da ciwon kai da safe, yana gyangyaɗi da rana, ko ya kasa kwanciya rigingine, a koma wurin likita a makon nan, a tambayi na'urar taimakon numfashi mai abin rufe hanci, wadda gwaji ya nuna tana ƙara wa masu wannan ciwo kwana da barci mai daɗi.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa masu jinyarsu da alheri.