Kanel ɗin Linux da Ma'ajiyar Fayiloli a Ram

To jama'a, abu uku na zo da su yau. Na baya kuna ji na? Madalla.

Na farko: ka buga umarnin free, mai nuna yawan ram da ake amfani da shi, ka ga ram ya kusa cika, hankalinka ya tashi. Kwantar da shi. Linux ba ya barin ram zaman banza. Duk fayil ɗin da ka karanta yana ajiye shi a can, don in ka sake nema ba sai ya koma faifai ba. Abin da za ka duba shi ne available a cikin free, wato MemAvailable, ram ɗin da manhajoji za su iya samu, wanda ya shigo a sigar kanel (wato zuciyar Linux) ta 3.14, shekarar 2014.

Yanzu ga wanda nake so, vfs_cache_pressure, lambar da ke saita saurin da kanel ke sakin bayanan fayiloli da ya ajiye a ram. Ban da abin da ke cikin fayil, kanel yana riƙe sunayen fayiloli da hanyar isa gare su, dentry ke nan, da kuma inode, wato girman fayil, mai shi, da izininsa. Abin da ke burge ni, har sunan da aka nema ba a samu ba yana ajiyewa! Ya tuna cewa babu. Ni kam makullina ma ba na tuna inda na ajiye. (dariya) Ya tuna babu, jama'a.

Lambar asali 100 ce. Ka sauke ta zuwa 50, sai ya ƙara riƙe su, abin da ke taimakon sabar mai tarin ƙananan fayiloli. Ka haura 100, ya riƙa zubar da su da wuri. Sifili kuwa, ku rubuta wannan, sifili na nufin ba zai sake su ba komai matsi. Ram ya ƙare, OOM, wato sashen kanel mai ɗaukar mataki idan ram ya ƙare, ya fara kashe manhajoji. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Kada ku sa sifili, na ce kada ku sa.

Na biyu, ko na uku ne? Swappiness, saitin yadda kanel ke kwashe bayanai daga ram zuwa faifai, asalinsa 60, ku karanta a gida. Ga hannu can, ina jin ka malam.

Ya ce yana buga 3 a drop_caches kowane dare, wato yana sa kanel ya share duk wannan ajiyar da ke ram. Haba malam! Wannan don gwaji aka yi shi, tun sigar 2.6.16. Ka share, da safe kanel ya koma faifai yana kwaso komai daga farko, sabar ta yi nauyi. Bari in buɗe slabtop, mai nuna dentry da inode da kanel ya ajiye, ka gani da idonka. Wa ya cire min waya?