Sharhin Bayan Labarai: A Ba Tsofaffin Shirye-shirye Dare Guda

Jama'a masu saurarenmu a Bauchi da kewaye, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau a kan akwatin talabijin yake, wancan na dauri mai ƙafafu huɗu da ƙofar katako, wanda ake lulluɓewa da ƙyalle, mai gida ya kulle ya jefa mabuɗi a aljihu.

Yaran yanzu za su sha mamaki in aka ce musu tashar talabijin tana da lokacin buɗewa da na tashi, kamar shago. Sai bayan la'asar, wajen ƙarfe 4, a buga taken ƙasa, a fara da shirin yara. In an idar da sallar isha'i wasan kwaikwayo ya shigo, ƙarfe 9 a haɗa da Legas don labaran ƙasa, kusan sha biyun dare a sake buga take, allo ya koma yayyafi. Tasha ɗaya ce, ba ka da zaɓi. Abin da liman ya gani a daren, shi mahauci ya gani, shi za a tattauna gobe a teburin mai shayi.

Talabijin ta fara a Ibadan a 1959, ta iso Kaduna a 1962, Jos kuma ta riga kowa fitar da hoto mai launi a 1975. Da aka ƙirƙiro jihar Bauchi a 1976, aka kafa hukumar NTA a 1977, sai akwatin ya soma shiga gidajen ma'aikata da 'yan kasuwa. A Wunti ko Jahun ko Bakin Kura, gida ɗaya kan ɗauki yaran layi guda. Sharaɗin shiga shi ne a wanko ƙafa. Wanda ya makara ya leƙa ta taga. In hoto ya fara rawa, a tura wani yaro ya murɗa gorar da aka ɗaure eriya a kai, na ciki suna ihu: "Bai yi ba! Koma! Tsaya nan, kar ka motsa!" Shi kuwa bawan Allah yana riƙe da gora a waje, dariyar mutane kawai yake ji. In NEPA ta ɗauke wuta, mai batirin mota ya zama sarki.

To me ake kallo? Akwai Samanja Mazan Fama, wanda marigayi Usman Baba Pategi ya fito a cikinsa. Mutumin ya yi aikin soja da gaske, shi ya sa in ya daka tsawa da Hausar barikinsa mai gauraye da Turancin buroka, tsofaffin sojoji kan fi kowa dariya, domin sun san irinsa. Akwai Karkuzu na Bodara daga Jos. Akwai marigayi Ƙasimu Yero, wanda aka sani a Karambana da Magana Jari Ce, ya kuma fito a Cock Crow at Dawn, wasan da aka fara a 1980, aka ɗauka a yankin Jos don jawo hankalin jama'a zuwa noma. Daga Kudu ga Village Headmaster, ga Zebrudaya da Turancinsa mai karya ƙa'ida, wanda ko ba ka jin Turanci ka san ɓarna ake yi. Kayan aikinsu kaɗan ne, sau da yawa ɗaki ɗaya da kujeru uku, amma uba kan zauna da 'yarsa su kalla daga farko har ƙarshe babu mai sunkuyar da kai. Wannan ba ƙaramin gwaninta ba ne wajen rubutu.

Wasanni kuwa, a tambayi duk wanda ya ga ranar 22 ga Maris, 1980, lokacin da Green Eagles, 'yan ƙwallon ƙafar Najeriya, suka lallasa Aljeriya da ci 3 da nema a Legas, suka ɗauki kofin Afirka karo na farko. Segun Odegbami ya ci biyu, na ukun kuma Muda Lawal, sunan da ba ya barin bakin mutanen garin nan saboda kasuwar da ke da wannan suna. Shugaba Shehu Shagari ne ya miƙa wa kyaftin Christian Chukwu kofin.

Labarai ne inda ba za mu yi wa zamanin kwalliya ba. Masu karantawa ƙwararru ne, murya a natse, shiga ta mutunci. Amma baki ɗaya ne ke magana, na gwamnati. Shugaban ƙasa ya buɗe kaza, gwamna ya ziyarci kaza, sauran kuma sai ka kunna rediyo ka nemo London. Sai a 1992 doka ta ba 'yan kasuwa damar buɗe tashoshinsu. Duk da haka, waɗannan labaran su ne kusan kaɗai hoto mai motsi da ya nuna yadda titunanmu da hawan sallarmu da bikin yaye ɗalibanmu suke a wancan lokaci.

A nan damuwarmu take. An ɗauki shirye-shiryen ne a kan manyan kaset irin su U-matic da Betacam. Kaset yana da tsada, saboda haka akan goge tsohon shiri a ɗora sabo a kai. Waɗanda suka tsira kuma zafi da ƙurar hunturu da laimar damina suna cin su a sito. Zaren yakan yi funfuna ko ya manne, injinan da ke karanta shi an daina ƙera su. Ƙasimu Yero ya rasu a 2017, Samanja a 2023, Allah Ya jiƙansu. Masu ɗaukar hoto da injiniyoyin da suka san abin da ke cikin kowane kwali su ma suna ta raguwa.

Shawararmu ga gidajen talabijin na jihar nan, da na 'yan uwanmu na Gombe da muke jiha ɗaya da su har 1996, ita ce a ware dare guda a mako, a jera shi yadda yake a da: shirin yara, wasan kwaikwayo, barkwanci, tsofaffin labarai da kwanan watansu a rubuce, sannan ƙwallo. In akwai kaset ɗin wasan ƙarshe na 1998 da Wikki Tourists ta ɗauki kofin ƙalubale, a fara da shi. Masu talla ba za su yi wuyar samu ba, tunda yaran da suka leƙa ta taga su ne masu shaguna da kamfanoni a yau. Kuɗin tallan a zuba shi wajen juye kaset zuwa kwamfuta, a ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya, jami'o'inmu su riƙe nasu.

Ku kuma da kuke da kaset ɗin bidiyo a ƙarƙashin gado, wanda baba ya naɗa daga talabijin, kada ku zubar. In kun ga farin ƙura-ƙura a jikin zaren, kada ku cusa shi a tsohon inji don gwaji, zai iya tsinkewa. A sa shi inda ba zafi ba laima, a nemi wanda ya san aikin juyewa.

Sai kuma wani sharhin. A kasance lafiya.