Tankin Fetur Ma Yana Numfashi

Assalamu alaikum. Iyayen gidanmu manyan makanikai, da ku yara masu koyo da ke can baya, ku ɗan matso.

Makon jiya aka kawo mini wata Camry gareji. Mai ita ya ce in ya je gidan mai, lita biyu za ta shiga sai famfo ya katse, ƙas! A sake matsawa, ya sake katsewa. Wani har ya riga ya "gyara" masa, ya huda murfin tanki da ƙusa. Da na shiga ƙarƙashinta, sai ga gwangwanin gawayi, wanda ke kama tururin fetur, ya jiƙe sharkaf da fetur.

To, ku saurara. Lita ɗaya ta shiga tanki, dole iska lita ɗaya ta fita. In inji na shan mai kuma, dole iska ta shiga, in ba haka ba tankin ya lotsa. A da iskar nan waje take fita kawai. Daga 1971 Amurka ta sa aka riƙa kama tururin a gwangwani mai gawayi, inji ya zuƙe shi daga baya ya ƙona. Daga 1998 kuwa aka fara sa har iskar da ke fita lokacin shan mai ta bi ta gwangwanin nan. Irin motocin da ake shigo mana da su ke nan. Gawayi ya toshe, iska ta rasa hanya, mai ya dawo wuyan tanki, famfo ya katse.

Wa ke kashe gawayin? Mu ne. Famfo ya tsaya, direba ya ce a ƙara, har ya riƙa girgiza motar wai ta cika maƙil. Lita 60 da ta fito da sanyi daga ƙarƙashin ƙasa, in zafinta ya ƙaru da digiri 15, tana ƙaruwa da kusan lita guda. Ina za ta? Gawayin nan tururi aka yi shi dominsa, ba ruwan fetur ba.

Masu sauya wa bakin tanki wuri ko ƙara tanki na biyu, ban hana ba. Amma a sa tiyon fetur, ba na ruwa ba, don fetur cinye na ruwa yake yi. Bututun ya gangara, kada ya yi ciki inda mai zai kwanta. Tiyon iska ya hau sama da tanki. Shi kuwa ɗan bawul ɗin da ke rufewa in mota ta kife, wanda duk ya cire shi, Allah ya kiyaye ranar hatsari.

Camry ɗin nan gwangwani muka sauya mata da murfi, muka goge P0455, lambar matsala a kwamfutar mota mai nuna tururin fetur na yoyo, da hudar ƙusar ta jawo. Na raka mai ita gidan mai, ta sha lita 50 ba tsayawa. Da famfo ya katse ya buɗe baki zai ce a ƙara, na riƙe masa hannu.

Alhaji, na ga hannunka a sama, bismilla.