Kafin ka saka jirgin roba a tankin kifi

Adda: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Yau a Tumfure muke, a zauren Bappa, don abin da za mu yi magana a kai ba ya ɗaukuwa zuwa ko'ina. Ga tankin gilashi a gabanmu, kifayen ado huɗu suna kai-komo, can ƙasa kuma ga jirgin ruwa kwance a gefensa, gansakuka ta fara hawa kansa. Bappa, barka da yamma.

Bappa: Barka kadai, 'yata. Sannunku da hanya.

Adda: Auta ma yana nan, shi ne ma sanadin zaman. Auta, faɗa musu abin da ya same ka.

Auta: Wallahi Adda har yau abin yana min ciwo. Bara na ƙera 'yar mota ta gwangwani, irin wadda muke yi muna yara, na ɗaure ta da wayar jan ƙarfe, na shafa mata ragowar fentin mai da aka yi wa ƙofar gidanmu. Ta yi kyau sosai. Kwana biyu da bushewa na saka ta a tankina. A rana ta uku na ga wani maiƙo-maiƙo a saman ruwa, dodon koɗin da ke ciki suka daina motsi, kifayen suka taso sama suna buɗe baki. Kafin in gane daga ina matsalar take, biyu sun mutu.

Bappa: Allah ya mayar da alheri. Ka ga, duk wanda ya zo wurina tambayarsa ɗaya ce: yaya zan hana ruwa ɓata min aikina? Ni kuwa abin da na fi tsoro shi ne aikin ya ɓata ruwan. In ka jefa gwangwani a dam ɗin Dadin Kowa, kogin Gongola yana kawo sabon ruwa yana wucewa da tsohon. Wannan tankin fa? Tsawonsa santimita 60, faɗi 30, tsayi 30. Lita 54 ke nan, bai kai jarka uku ba. Duk abin da ya narke a ciki, a nan zai zauna, shi kifi zai yi ta shaƙa dare da rana.

Auta: To a motar tawa me ya fi yin illa?

Bappa: Wayar nan ita nake fara zargi. Jan ƙarfe guba ne ga halittun ruwa, kuma dodon koɗi da jatan lande sun fi kifi saurin faɗuwa, shi ya sa su ka fara rasawa. Tagulla ma haka, tunda jan ƙarfe ne aka gauraya. Dalma kuwa kada ka ko kusanto da ita. Sai fentin mai: samansa ya bushe a hannu, amma cikinsa bai gama fitar da sinadarinsa ba. Maiƙon da ka gani ke nan.

Adda: Bappa, bari in kawo wata magana. Mu fa muna da namu ilimin hana ruwa shiga. Kakanninmu suna yaɓe katanga da makuba, ruwan damina ya yi ta duka ba ta zubewa. Me zai hana mutum ya gina ɗan gidan ƙasa mai zankwaye, ya shafe shi da makuba, ya saka a tanki? Ai da ya fi jirgin Turawa kama da mu.

Bappa: Tunanin yana da kyau, amma makuba ce ƙarshen abin da za ki kai kusa da kifi. Ɓawon ɗorawar da ake jiƙawa a yi makuba, shi ɗin dai wasu masunta ke zubawa a kududdufi don kifi ya bugu ya taso sama. Kuma yaɓe an yi shi ne don ruwan da zai sauka ya gangare, rana ta fito ya bushe. Ƙasar da ba a gasa ba, in ta kwana cikin ruwa, taɓo za ta koma. Amma gidan da kike so yana yiwuwa. Ki gina shi da yumɓu, ki kai wa masu tukwane su gasa miki tare da tulunansu. Gasasshen yumɓu da ba a shafa wa komai ba, kifi yana zama da shi lafiya lau.

Adda: Kai, na ji daɗin wannan. To mu dawo kan jirgin nan na ƙasa.

Bappa: Titanic ne, wanda ya nutse a 1912. Na gaskiyan tsawonsa mita 269. Kamfanoni irin su Revell da Tamiya da Airfix suna yin irin waɗannan ƙananan samfura na roba, gunduwa-gunduwa, kai ne za ka harhaɗa. A jikin kwalin za ka ga an rubuta 1:350 ko 1:700, wato sau nawa aka rage girman abin. Titanic a 1:350 zai kai wajen santimita 77, ba zai shiga tankin nan ba. A 1:700 kuwa santimita 38 ne, shi ya sa na ɗauki wannan. Robar kanta ba ta narkewa a ruwa. Abin da ka ɗora mata ne abin dubawa: fenti, gam, da 'yan takardun ado da ake liƙawa. Takardun nan da ruwa ake jiƙa su a manna, to da ruwa kuma za su ɓare.

Auta: Wane fenti kuka sa?

Bappa: Akirilik, mai haɗin ruwa. Na bar shi mako guda cur. Shi kaɗai ba zai jure zaman ruwa ba, zai yi laushi ya kumbura, sai an rufe shi. Abin rufewar shi ne ifoksi mai haske, wani gam mai kwalba biyu da ake gaurayawa: ɗaya gam ɗin, ɗaya maganin daskarewa. Ba ina nufin Araldite na minti biyar da ake liƙe fasasshen abu ba, wannan ya yi kauri kuma kafin ka ɗaga buroshi ya daskare. Akwai mai ruwa-ruwa na shafawa, ka nemi wanda aka rubuta ya dace da tankin kifi ko ruwan sha.

Adda: Ku ɗan yi mana a hankali a nan, don na san masu sauraro za su so su gwada.

Bappa: To. Awo shi ne ran aikin. In kwalbar ta ce ɗaya da ɗaya, to ɗaya da ɗaya. In ta ce biyu da ɗaya, kada ka ce bari in ƙara maganin daskarewa don ya yi sauri. Ni da sirinji biyu nake aunawa, kowace kwalba da nata. Ina juyawa minti uku, ina kankare gefen kofin da gindinsa, don abin da ya maƙale a gefe bai gauraya ba, kuma shi ne zai bar maka wuri mai danƙo da ba zai taɓa bushewa ba. Irin wannan wurin ne ke sakin guba. Sannan shafi siriri, sau biyu ko uku, ya fi shafi ɗaya mai kauri wanda zai cike tagogin jirgin ya tafi da kyansa. Ka kula da lungu da bakin kowace huda, ta nan ruwa ke samun hanyar shiga ƙarƙashin fenti.

Auta: Yanayinmu na Gombe fa, yana shafar aikin?

Bappa: Ƙwarai. A zafin Maris da Afrilu, ifoksi yana daskarewa a kofi tun ba ka kai rabi ba, don haka kaɗan-kaɗan za ka riƙa kwaɓawa. Da hunturu kuma yana jinkiri, ga ƙura. Ina kifa masa kwali da zarar na gama shafi. Ka buɗe taga, ka sa safar hannu. Bayan shafin ƙarshe, kwana bakwai ban taɓa shi ba.

Adda: Na lura akwai ramuka a ƙasan jirgin da samansa. Na ɗauka cewa za ku yi a toshe ko'ina.

Bappa: Da gangan na huda su. Jirgin da ka toshe, iska ta maƙale a cikinsa, sama zai taso komai ka yi masa. In kuma ruwa ya sulala ta wata 'yar kafa ya tsaya a ciki ba ya motsi, sai ya ruɓe, ranar da ka ɗaga ka ji warin ruɓaɓɓen ƙwai. Huda a sama iska ta fita, huda a ƙasa ruwa ya ratsa. Sai dai ramin ya zama ko dai ƙarami ƙwarai yadda kan kifi ba zai shiga ba, ko babba yadda zai shiga ya juya ya fito. Ka bi bakinsa da samfefa. Ni tsohuwar safa mai laushi nake ja a kai, in ta sarƙe, to jelar kifi ma za ta yage.

Auta: Da me kuka danne shi a ƙasa?

Bappa: Dutse, da zaren kamun kifi da na zura ta cikin ramukan. Gam ɗin silikon yana kama gilashi da dutse da kyau, amma bai cika riƙe roba ba. In za ka saye shi, ka duba: wanda aka yi don banɗaki galibi an sa masa maganin fumfuna, kuma maganin yana kashe kifi. Zallan silikon kake so, mai warin khal. Dutsen ma a gwada shi. Ƙasarmu akwai dutsen da ake siminti da shi, don shi aka kafa masana'antar Ashaka. Ɗiga masa khal, in ya yi kumfa to zai riƙa narkewa yana sauya ruwan, ajiye shi gefe. Ɗanyen siminti ma haka. Masu kiwon tarwaɗa sun san ba a zuba kifi a sabon kwarmi sai an jiƙa shi an yi ta sauya ruwa.

Adda: Auta, na ga ka shigo da bokiti.

Auta: Sabon aikina ne, ɗan jirgin sama, babu ƙarfe ko ɗaya a jikinsa. Ina gwada shi ne kafin in saka a tanki, yau kwanansa tara a ruwa, kullum ina sauyawa.

Bappa: Miƙo in gani. To, ruwan garau yake, ba maiƙo, ba wari. Amma sa farcenka nan ƙarƙashin fiffiken. Ka ji?

Auta: Akwai ɗan danƙo.

Bappa: Nan ne bai gauraya ba. Fito da shi ya bushe, ka kankare wurin har ka kai roba, ka sake shafawa, a fara ƙirga daga farko. In ka zo Juma'a mai zuwa ka taho da sirinjinka, mu auna tare.